Haƙƙin Kunkuru a Kan Mai Riƙonsa: Rahama, Sani da Barcin Hunturu

A dazuzzukan gabashin Amurka, tun daga jihar Maine a arewa har zuwa Filorida a kudu, akwai wani ƙaramin kunkurun tudu wanda masana halittu suke kira Terrapene carolina, mutanen ƙasar kuwa suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce kunkurun akwati, saboda ƙwaryar cikinsa tana da wata gaɓa mai lanƙwasawa kamar mariƙin ƙyaure, wadda take ba shi damar janye kai da ƙafafu da wutsiya, sa'an nan ya ɗago gaban ƙwaryar da bayanta ya rufe kansa ruf, har ya zama da wuya a sami inda za a zura bakin wuƙa. Tsawonsa bai kai taƙi guda ba, abincinsa tana da dodon koɗi da ƙwari da naman kaza da 'ya'yan itatuwan da suka faɗo, amma yakan yi shekara 40 ko 50 a duniya, wasu ma sukan zarce haka nesa ba kusa ba. Mutane da yawa a can suna riƙonsa a gida, kuma saboda tsawon ransa, da yawa cikin masu riƙon ba su ne suka fara mallakarsa ba: wani ya gaje shi daga iyaye, wani maƙwabci ne ya bar masa da zai tashi, wani kuma ya karɓo shi daga wuraren da ake tara dabbobin da masu su suka gaza. Wanda ya karɓi irin wannan kunkuru a tsakiyar shekara yakan ga komai lafiya lau har watan Oktoba, sa'ad da dabbar za ta fara ƙin abinci, ta riƙa tona kusurwar kejinta dare da rana, kuma daga nan ne wata tambaya take tasowa wadda a zahiri ta kiwo ce, amma tushenta na addini da falsafa ne, wato mene ne rahama ga halittar da ɗabi'arta take neman sanyi da yunwa da duhu.

Kafin a shiga tambayar ya kamata a fahimci abin da kunkurun yake nema. Hunturun arewacin Amurka ya sha bamban da wanda aka sani a ƙasar Hausa, domin a can sanyi yana kaiwa ga daskarar da ruwa da saman ƙasa na tsawon watanni, ganyaye su zube, ƙwari su ɓace. Kunkuru kuwa yana cikin dabbobin da ake cewa masu sanyin jini, ma'ana jikinsu ba ya samar da ɗuminsa da kansa, zafinsa yana hawa da sauka ne tare da na wurin da yake zaune. Idan rana ta fara gajarta, yakan daina ci, ya nemi ƙasa mai laushi a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ko gindin kututture, ya nutsa a ciki, ya kuma riƙa ƙara zurfi yayin da sanyin yake tsananta, ya zauna a haka daga Oktoba ko Nuwamba har zuwa Maris ko Afrilu. A wannan hali, wanda za a iya kira barcin hunturu, bugun zuciya da numfashi suna raguwa ƙwarai, narkar da abinci tana tsayawa, jiki kuma yana cin ɗan abin da ya tara a hankali. Ramin nasa ba ya cika zurfi, shi ya sa wani lokaci ƙanƙara takan riske shi, kuma a 1990 wasu masana biyu na Jami'ar Miami da ke jihar Ohayo, Jon Costanzo da Dennis Claussen, suka nuna cewa wannan kunkuru yana iya farfaɗowa bayan fiye da rabin ruwan jikinsa ya daskare. Mai karatun da ya san gaiwa, wadda take binne kanta a cikin laka idan fadama ta ƙafe ta jira damina, har Hausawa suke cewa jikinta take ci, ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai ita fari ne yake kwantar da ita, shi kuwa sanyi.

Shawarar da likitocin dabbobi da gogaggun masu kiwo suka fi bayarwa ita ce kada a bar sabon kunkuru ya yi wannan barci a shekararsa ta farko a hannun sabon mai riƙo. Dalilinsu shi ne garkuwar jiki tana raunana a cikin sanyi, don haka duk wata cuta da take ɓoye, kamar ciwon huhu ko tsutsar ciki ko ƙurjin kunne wanda ake dangantawa da ƙarancin bitamin A, takan sami damar gamawa da shi a cikin rami ba tare da kowa ya sani ba, wanda kuwa ya karɓi kunkuru wata uku da suka wuce bai san nauyinsa na bara ba, bai san abin da aka ciyar da shi ba, wani lokaci ma bai san daga wane yanki ya fito ba. Sai a ce masa ya riƙe shi a farke: fitilar ɗumi a gefe guda na keji mai kai zafin wurin kusan digiri 30 a ma'aunin Salshiyos, da fitila mai hasken da yake maye gurbin na rana na kimanin sa'a 12 zuwa 14 kowace rana, da ƙasa mai danshi, da kasko mai ruwa marar zurfi. Wato dai a gina masa damina ta ƙarya, a ruɗi jikinsa ya ɗauka shekara ba ta juya ba.

A nan ne hukuncin addini yake shigowa, kuma asalin da malaman Musulunci suke komawa gare shi a babin tsare dabba shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita ta nemi nata. A gefe guda kuma akwai hadisin Anas game da ƙaninsa Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun sa'ad da ya ga yaron cikin baƙin ciki. Malamin Shafi'iyya Ibnul Ƙass ya fitar da fa'idodi kimanin 60 daga wannan hadisi, Ibnu Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari, cikinsu har da halaccin riƙon tsuntsu a keji. Idan aka haɗa biyun, abin da yake fitowa shi ne tsarewa ita kaɗai ba laifi ba ce, amma tana ɗora wa mai tsarewa nauyin duk abin da tsarewar ta yanke wa dabbar. A kan wannan ne Muhtasar na Shehu Halil, wanda almajiran fiƙihun Malikiyya suke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, idan kuma ya ƙi a sayar da ita.

Sai dai matar da ta kulle kyanwa tana da ƙofa biyu a buɗe, ciyarwa ko saki, mai riƙon kunkurun akwati a watan Oktoba kuwa yakan tarar da kowace ƙofa da ƙaya a bakinta. Ciyarwa, wadda ita ce siffar rahama mafi bayyana, tana iya zama sanadin mutuwa idan kunkurun zai shiga sanyi, domin abincin da ya rage a hanji ba ya narkewa, ruɓewa yake yi, shi ya sa masu kiwo suke yanke masa ci na kimanin mako biyu kafin a sauke zafi, suna tsoma shi a ruwa mai ɗumi domin ya sha ya kuma fitar da abin da ke cikinsa. Saki kuwa ya fi muni. Binciken da Lucille Stickel ta yi a 1945 a dajin Patuxent na jihar Maryland ya nuna cewa kowane kunkuru yana rayuwarsa ne a ɗan filin da faɗinsa bai fi mita 100 da 'yan kai ba, ya san maɓoyarsa da mashayarsa a cikinsa, kuma wanda aka ajiye a baƙon wuri yakan yi ta yawo yana neman gida har mota ta taka shi ko sanyi ya same shi a fili. Ban da haka, wanda ya zauna a keji yana iya kai wa na daji cutar da za ta ƙarar da su, kuma saboda wannan dokokin jihohi da dama suka hana sakinsa. Mai riƙo ya shiga halin gaba kura baya sayaki, kuma zahirin hadisin bai ishe shi ba sai ya nemi illarsa, wato dalilin da aka rataya hukuncin a kansa, dalilin kuwa shi ne matar ta shiga tsakanin halitta da hanyar rayuwarta ba ta kuma maye gurbin abin da ta toshe ba.

Wanda ya fi kusantar wannan ma'ana cikin magabata shi ne Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan Hijira, daidai da 1262, domin a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum, kuma da ya zo kan ciyarwa ya auna ta da abin da ya dace da irin dabbar, ya haɗa da kyautata makwancinta, da raba ta da abin da zai cutar da ita, da haɗa namiji da mace a lokacin barbara. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci a nan, domin dabba ba ta mutuwa don an hana ta barbara, amma duk da haka malamin ya ƙirga shi cikin haƙƙi, abin da yake nuna cewa a wurinsa haƙƙin dabba ya wuce tsare ranta, ya kai ga barinta ta yi abin da aka halicce ta a kansa a lokacin da aka ɗiba masa. Alƙur'ani ma ya yi nuni da haka a Suratu Ɗaha, aya ta 50, inda Annabi Musa ya siffanta Ubangijinsa ga Fir'auna da cewa Shi ne Ya ba kowane abu halittarsa sa'an nan Ya shiryar da shi, da kuma Suratul An'am, aya ta 38, wadda ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi kamar mutane. Kunkurun da yake tona kusurwar keji a Oktoba, alhali fitila tana ci kuma kwanonsa cike yake, yana bin shiriyar da ta riga kejin, kuma mai hankali ba zai ɗauki wannan tono a matsayin taurin kai ba.

Falsafar Turawa ta iso wannan mararraba ta wata hanyar. Jeremy Bentham, a littafin da ya fitar a 1789, ya mai da iya jin wahala ma'aunin da ake shigar da dabba cikin lissafin ɗa'a, kuma wanda ya tsaya a kan wannan ma'auni kaɗai zai iya cewa ɗakin ɗumi ya wadatar, tunda babu yunwa babu sanyi. Wata hanyar kuma, wadda take komawa ga Aristotal, kuma Martha Nussbaum ta farfaɗo da ita a zamanin nan, tana ganin kowace halitta tana da irin rayuwar da take cika da ita, hana ta wannan rayuwa kuwa zalunci ne ko da babu raɗaɗi. Ƙa'idojin nan biyar na walwalar dabbobi, waɗanda suka samo asali daga rahoton Brambell na 1965 a Birtaniya, sun ɗauki ra'ayoyin biyu suka jera su tare, kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa a gefe guda, damar yin ɗabi'ar asali a ɗaya gefen, kuma a kan saniya ko kaza ba kasafai suke karo ba. A kan kunkurun akwati kuwa suna karo gaba da gaba, domin ɗabi'arsa ta asali ita ce watanni huɗu ko biyar ba ci. Gaskiya ne masu kiwo sun saɓa a kan ko barcin wajibi ne ga lafiyarsa, tunda akwai waɗanda aka riƙe a farke shekaru da yawa suka rayu, amma an san yana taimaka wa haihuwa, an kuma san da yawa cikin manyansu, musamman waɗanda suka taso a daji, sukan ƙi ci a kaka kowace irin fitila aka kunna musu.

Mafi hatsarin abin da mai riƙo zai yi shi ne abin da zuciyarsa za ta fi natsuwa da shi. Ya ji tsoron sanyi na gaske, ya kuma ga kunkurun ya ƙi ci, sai ya ajiye shi a ɗaki mai ɗan sanyi-sanyi, wajen digiri 13 zuwa 18, yana ganin ya bi tsaka-tsaki. A irin wannan zafi jikin dabbar bai yi ɗumin da zai ci ya narkar ba, bai kuma yi sanyin da zai rage ƙona abin da ya tara ba, don haka sai ta riƙa ramewa a hankali, idanu su kumbura, hanci ya fara yoyo, kafin ɗumi ya dawo ta ƙare. Barcin gaske yana buƙatar digiri 4 zuwa 10, farkawar gaske tana buƙatar cikakken ɗumi da haske, tsakaninsu kuwa halaka ce. Wannan yana gyara wata gurguwar fahimta game da tsaka-tsakin da addini yake yabo, domin abin da ake nufi da shi shi ne daidai gwargwadon da hali yake nema, wanda sau da yawa ba ya faɗowa a rabin hanya, kuma Aristotal kansa ya bambanta tsakiyar lissafi da tsakiyar da ta dace da mai ita. Mutumin da ya raba tsoronsa biyu ya ba kunkuru rabi ya sauƙaƙa wa kansa ne, nauyin kuma ya faɗa kan wanda ba shi da bakin kuka.

Akwai kuma mai cewa a fitar da shi bayan gida a bar wa Allah, tunda Shi ne yake tsare na daji. Maganar tana da kamar tawakkali, amma ta manta cewa na daji shi ya zaɓi raminsa da ƙafarsa, a ƙasar da ya sani, yana iya matsawa idan ruwa ya taso, alhali na gida an zaɓa masa komai, kuma wanda ya ɗauke wa halitta zaɓinta ba shi da ikon mai da sakamakon ga ƙaddara ya wanke hannunsa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah ya isa hujja a nan. Ɗaure raƙumi a wannan babi aiki ne mai yawa: akwati mai ƙananan ramukan iska, cike da ƙasa mai danshi da gansakuka da busasshen ganye, a cikin firiji na musamman ko ɗakin ƙasa da ɓera ba ya shiga, da ma'aunin zafi da ake dubawa kullum. Bayan kowane mako biyu ko uku mai riƙo zai tone ganyen da yatsunsa, ya ɗago dabbar mai sanyi kamar dutsen rafi, ya taɓa ƙafar baya ya jira ya ga ta janye a hankali, ya duba hanci da idanu, ya ɗora ta a kan sikelin kicin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ramar ta wuce kusan kashi 1 cikin 100 na nauyi a wata, wato giram 4 ga kunkuru mai giram 400, idan kuwa ta zarce haka sosai, ko aka ga majina, sai a ɗumama shi sannu a hankali a katse barcin. Duk da wannan kulawa wani yakan mutu, kamar yadda wasu suke mutuwa a daji, kuma a wannan gaɓa ce kaɗai, bayan an gama abin da ake iyawa, kalmar tawakkali take zama a mazauninta.

Da wannan za a gane matsayin hana sabon kunkuru barcinsa na farko. Hukunci ne mai kyau, kuma ya dace da ƙa'idar malaman fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu domin kauce wa mafi girma, tunda hunturu guda a ƙarƙashin fitila takura ce mai wucewa, mutuwa a cikin akwati kuwa ba ta da gyara. Jahilcin sabon mai riƙo ma yakan kai ga asalin dabbar, domin kunkurun akwati na kudancin Filorida ba ya yin dogon barci, akwai kuma wani na kudu maso gabashin Asiya, Cuora amboinensis, mai irin wannan ƙwarya mai rufewa, wanda ɗan ƙasar zafi ne kuma firiji kashe shi zai yi. To amma ya kamata a kira wannan hani da sunansa: rangwame ne da rashin sani ya jawo, kuma abin da aka halatta saboda uzuri yana faɗuwa idan uzurin ya gushe. Wanda ya shekara da dabbar yana da lokacin kai ta wurin likita, da tantance irinta da yankinta, da sanin nauyinta a kowane wata, don haka idan Oktoba ta biyu ta zo yana nan bai san komai ba, rashin sanin ya tashi daga uzuri ya koma sakaci. Yana iya yiwuwa bayan binciken ya yanke cewa wannan kunkuru, saboda tsufa ko tsohuwar cuta, ba zai taɓa jure barcin ba, kuma wannan hukunci ne karɓaɓɓe tunda an gina shi a kan halin dabbar. Abin da ba shi da madogara shi ne a ci gaba da kunna fitila shekara 30 don kawai mai gida ba ya son ganin keji shiru.

A bayan duk wannan akwai tambayar da ta fi nauyi, wato ko ya dace a ɗauko shi daga daji tun farko. Ƙidayar da aka sake yi a Patuxent a 1995 ta sami kunkuru 70 kacal a filin binciken, raguwar da ta haura kashi 75 cikin 100 idan aka kwatanta da 1955, kuma a wannan shekara ta 1995 ne jinsin ya shiga jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES take sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, bayan an yi shekaru ana fitar da dubbai zuwa kasuwannin Turai. Dabbar da take daɗewa kafin ta balaga, take kuma yin 'yan ƙwai kaɗan a shekara, ɗauke babba guda daga dajinta giɓi ne da ba ya cikewa da wuri, saboda haka halaccin da aka fahimta daga tsuntsun Abu Umair ba zai zama hujjar tsintar kunkuru a bakin hanya a kai gida ba. Wanda ya karɓi wanda aka riga aka raba da dajinsa kuwa hukuncinsa dabam ne, domin ya ɗauki nauyin ɓarnar da ba shi ya yi ba, kuma tunda a cikin waɗanda aka gani a 1995 akwai masu fiye da shekara 70, mai yiwuwa ne ya mutu ya bar dabbar ta koma hannun wani. Shi ya sa masu kiwo na ƙwarai suke ajiye littafi, suna rubuta ranar da kunkurun ya daina ci, da nauyinsa ranar shiga akwati da ranar fita, da zafin kowane mako, da ranar da ya fara karɓar tana bayan farkawa, suna kuma miƙa littafin tare da dabbar, domin mai riƙo na gaba ya sami abin da zai dogara da shi idan ya ga an fara tona kusurwar keji a Oktobarsa ta farko.